Falasɗinawa da Rigakafin Korona: Tarken Fassarori Biyu da Giɓin da Fatawoyi Suka Bari

Tsakure

Wannan maƙala tarke ce ga fassarori biyu da ake yi wa halayyar Falasɗinawa game da allurar rigakafin korona. Ta farko tana ɗora alhakin ɗari-ɗarin jama'a a kan addini, ta biyu kuma tana ɗaukar ƙin allurar a matsayin wayewa da gwagwarmaya. An auna su da abin da ya gudana tsakanin 2020 da 2024, da kuma turasin fiƙihu kan annoba. Daga nan aka dubi fatawoyin zamani, inda ya bayyana cewa sun warware mas'alar halacci, amma sun yi ƙarancin magana kan amana da adalcin rabo, alhali a nan ne matsalar ta fi nauyi.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Duk lokacin da wata al'umma ta Musulmi ta ja baya daga rigakafi, akwai amsoshi biyu da ke jiran ta a shirye. Masu nazari daga waje sukan ce aƙida ce ta hana su, wasu masu wa'azi daga ciki kuma su ce basira ce ta tsare su daga makircin maƙiya. Kowace amsa tana da daɗin faɗa, domin tana sauƙe wa mai ita wahalar bincike. Falasɗinu wuri ne da ya dace a gwada su, saboda abubuwa uku sun haɗu a cikinta: al'umma mai rinjayen Musulmi, mamaya ta soja, da shugabanci da ya rabu gida biyu. Abin da ke cikin haɗari kuwa rayuka ne, domin kuskuren gano cuta yana haifar da kuskuren magani. Wanda ya zaci addini ne matsala zai nemi fatawa ya tsaya, wanda ya zaci makirci ne zai hana tsoho da mai ciwon suga abin da zai iya zama sanadin tsirarsu.

2.0 Yadda Al'amarin Ya Gudana

An tabbatar da ɓullar cutar a yankin Baitalahmi a ranar 5 ga Maris 2020, kuma a ranar ne Shugaba Mahmud Abbas ya ayyana dokar ta-ɓaci. A cikin watan nan hukumar Waƙafi ta rufe harabar Masallacin Al-Aƙsa, aka yi azumin shekarar ba tare da masallata a cikinsa ba, sai 31 ga Mayu aka sake buɗe shi. A Zirin Gaza, ƙawanyar da aka yi wa yankin ta jinkirta yaɗuwar cutar har zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da aka gano ta a sansanin 'yan gudun hijira na Magazi.

Isra'ila ta fara yi wa jama'arta allura a Disamba 2020, kuma kafin tsakiyar Maris 2021 fiye da rabinsu sun karɓi ta farko. Shirin ya haɗa da Falasɗinawan Gabashin Ƙudus da Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jordan, amma bai haɗa da Falasɗinawa kusan miliyan 5 da ke Yammacin Kogin da Gaza ba. Isra'ila ta kafa hujja da yarjejeniyar Oslo ta 1995 wadda ta miƙa harkar lafiya ga Hukumar Falasɗinawa. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka kafa hujja da sashe na 56 na Yarjejeniyar Geneva ta Huɗu ta 1949, wanda ya ɗora wa mai mamaya nauyin matakan kariya daga annoba a ƙasar da ya mamaye.

Hukumar Falasɗinawa ta fara allura a farkon Fabrairu 2021 da ƙwaya 2,000 na Moderna da Isra'ila ta miƙa, sai 10,000 na Sputnik daga Rasha. Kason farko da ya shiga Gaza a ranar 17 ga Fabrairu ƙwaya 2,000 ne, wato abin da zai ishi mutum 1,000, a yankin da ke ɗauke da mutane kimanin miliyan 2. Bayan kwanaki 20,000 suka iso daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hannun Muhammad Dahlan, abokin hamayyar Abbas, a daidai lokacin da ake shirin zaɓen da daga baya aka ɗage. Kason farko na shirin COVAX, kusan 60,000, ya iso a ranar 17 ga Maris. A watan ne kuma Isra'ila ta yi wa ma'aikata Falasɗinawa fiye da 100,000 allura, waɗanda ke da izinin aiki a cikinta da a matsugunanta.

Abubuwa uku suka biyo baya waɗanda duk mai son fahimtar zukatan jama'a ba zai tsallake su ba. Na farko, a farkon Maris Ma'aikatar Lafiya ta amsa cewa wani kaso na ɗan abin da aka samu ya tafi ga ministoci da manyan jami'ai da 'yan ƙwallon ƙafa na ƙasa, an kuma aika 200 fadar Sarkin Jordan. Na biyu, a yaƙin Mayu 2021 an kashe Dakta Ayman Abul Auf, shugaban sashen cututtukan ciki na asibitin Shifa, wanda ke kan gaba wajen yaƙi da korona, kuma asibitin Rimal, inda babban ɗakin gwajin cutar yake a Gaza, ya lalace. Na uku, a ranar 18 ga Yuni aka sanar da cewa Isra'ila za ta ba da allurar Pfizer fiye da miliyan 1 wadda wa'adinta ya kusa ƙarewa, ta karɓi sabuwa daga kason Falasɗinawa daga baya a cikin shekarar. Hukumar ta soke cinikin a ranar, bayan ta ga kason farko ya fi kusa da lalacewa fiye da yadda ta ce an yi alkawari. Kwanaki shida bayan haka Nizar Banat, wanda ya yi kakkausar suka ga wannan ciniki, ya rasu a hannun jami'an tsaron Hukumar a birnin Khalil.

3.0 Fassara ta Farko: Addini ne Sanadi

Masu wannan fassara suna aiki da ma'aunin da kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsara a 2014, wanda ya bayyana ɗari-ɗari da rigakafi a matsayin jinkirta karɓa ko ƙin karɓa alhali allurar tana samuwa. Sharaɗin samuwa rukuni ne a cikin ta'arifin. Idan ya faɗi, sunan ya faɗi. Mutumin Gaza da aka tambaya a Janairu ko Fabrairu 2021 ko zai karɓi allura, an tambaye shi ne game da abin da bai gani ba, bai san wace ƙasa ta yi shi ba, bai kuma san ta hannun wa zai iso ba. Amsarsa ra'ayi ce a kan abin da aka ƙaddara, kuma malaman usulu sun san bambancin hukunci a kan abin da ya auku da hukunci a kan abin da aka ɗauka zai auku.

Akwai kuma rauni a hanyar tattara bayanai. Da yawa daga binciken ra'ayin da aka yi a ƙasashen Larabawa a wancan lokaci an yi su ne ta takardun tambayoyi da aka yaɗa a Facebook da WhatsApp, saboda kulle ya hana zirga-zirga. Wannan hanya tana kai wa ga matasa da masu ilimin boko da masu waya, tana barin tsofaffi, waɗanda su ne cutar ta fi kashewa. Sannan idan mai amsa ya zaɓi cewa komai ƙaddara ce, mai nazarin da bai san harshen Musulmi ba yakan lissafa shi cikin masu ƙi saboda addini. Musulmi yana faɗin wannan kalma yana kan hanyar asibiti, yana faɗin ta bayan an yi masa tiyata. Kalmar aƙida ce da ke rakiyar aiki, kuma ɗaukar ta a matsayin dalilin barin aiki jahiltar lafazin ne.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan fassara ita ce aikin Falasɗinawa da kansu. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023, rigakafin yara a Falasɗinu yana cikin mafi cika a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta na shan-inna da kashi 99 cikin 100 a 2022. Da tsarin lafiya ya rushe aka gano ƙwayar cutar a ruwan ƙazanta a Yuli 2024, aka kuma tabbatar da ita a jikin jariri ɗan wata 10 a Agusta, karo na farko cikin shekara 25. An buɗe gangamin rigakafi a ranar 1 ga Satumba, kuma a zagayen farko iyaye suka kai yara kusan 560,000, a cikin 'yan sa'o'in da aka dakatar da luguden wuta. Waɗannan iyaye su ne mutanen 2021, addininsu bai canza ba, limamansu ba su canza ba. Adalci ya wajabta a ce kwatancen yana da iyaka: rigakafin yara tsohon abu ne da aka saba karɓa a asibitocin hukumar UNRWA mai kula da 'yan gudun hijira tun 1950, na korona kuwa sabo ne. To amma wannan iyaka ita ce ke nuna inda bambancin yake, wato a sabo da sanin hannun da ke miƙowa.

Turasin Musulunci ma bai goyi bayan fassarar ba, kuma a ƙasar Falasɗinu aka yi babban darasinsa. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauki sunanta daga wani gari da ke tsakanin Ƙudus da Ramla, garin da sojojin Isra'ila suka rushe a 1967. A cikinta Abu Ubaida bn Jarrah da Mu'azu bn Jabal da Yazidu bn Abi Sufyan da Shurahbilu bn Hasana (RA) suka rasu. Da Halifa Umar (RA) ya isa Sarg ya ji labarin annoba a Sham, ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke komawa, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa kauce wa annoba shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Sannan Abdurrahman bn Auf (RA) ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da ke da annoba da fita daga cikinsa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Malaman tarihi sun ambata cewa da Amru bn Asi (RA) ya karɓi jagoranci ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, annobar ta lafa. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani kan yaɗuwar cuta: Ibn Hajar Al-Asƙalani, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, ya karkata ga kore ta a littafinsa Bazlul Ma'un, shi kuwa Lisanuddin bn Khaɗib na Andalus ya tabbatar da ita bisa abin da ido ya gani. Saɓanin a kan fahimtar sababi ne da haɗa nassoshi. Al'ummar da ta yarda aka rufe mata Al-Aƙsa a cikin Ramadan ta nuna a aikace wane ɓangare ta bi.

4.0 Fassara ta Biyu: Ƙin Allura Basira ce

Rushe fassara ta farko ba ya nufin babu masu ƙi. Zuwa ƙarshen bazarar 2021 allura ta wadata, Amurka ta aiko da 500,000 na Moderna a Agusta, amma fitowar jama'a ta yi ƙasa da yadda ake so, har gwamnatin Muhammad Shtayye ta yanke cewa ma'aikacin da ya ƙi allura zai tafi hutu ba albashi. Jita-jitar da ta zagaya duniya ta shiga Falasɗinu ita ma: allurar tana hana haihuwa, tana ɗauke da na'urar leƙen asiri, tana kashewa bayan shekara biyu. A nan ne fassara ta biyu ke shigowa, wadda ta fi yawa a bakin Musulmin wasu ƙasashe, tana cewa Falasɗinawa sun fi kowa sanin maƙiyinsu, saboda haka ƙin da suka yi hujja ce ga sauran al'umma.

Tsoron yana da tushe, kuma musanta hakan rashin gaskiya ne. A 2009 hukumomin Isra'ila suka amsa cewa a shekarun 1990 an riƙa cire sassan jikin mamata a cibiyar binciken gawa ta Abu Kabir ba da izinin iyalansu ba, cikinsu har da Falasɗinawa. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da shirin rigakafi na bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Usama bn Ladan, abin da ya jawo wa ma'aikatan rigakafi na gaskiya bala'i. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Sai dai uzurin mai tsoro daban, ingancin abin da yake tsoro daban, kuma a nan wannan fassara ta zame.

Da farko, ta saɓa wa abin da ya faru. Kokawar Falasɗinawa da masu kare haƙƙinsu a farkon 2021 ita ce an hana su allura. Isra'ila ta fara ne da firaministanta da sojojinta da tsofaffinta, da irin allurar Pfizer ɗin da ake cewa guba ce. Mai da'awar makirci sai ya bayyana yadda maƙiyi zai shanye gubarsa ya hana abokin gabarsa. Abin da aka yi wa Falasɗinawa zalunci ne na hanawa da jinkirtawa, kuma wanda ya mayar da shi zaluncin bayarwa ya wanke azzalumi daga laifinsa na gaskiya, ya ɗora masa wanda ba za a iya tabbatarwa ba.

Na biyu, tarihin Falasɗinu yana da misalin tsoro mai tushe da ya haifi labari marar tushe. A Maris da Afrilu 1983 ɗaruruwan 'yan mata 'yan makaranta suka riƙa suma a Yammacin Kogin Jordan, farawa daga garin Arraba kusa da Jenin. Magana ta yaɗu cewa an sa musu guba ne don a hana su haihuwa. Masu bincike daga waje ba su sami gubar ba, suka danganta mafi yawan abin ga firgici da ke yaɗuwa tsakanin mutanen da ke rayuwa cikin matsi. Zaman mamaya gaskiya ne, firgicin gaskiya ne, labarin gubar kuwa bai tabbata ba.

Na uku, Shari'a ba ta sassauta ƙa'idar tantance labari saboda mai yaɗa shi wanda aka zalunta ne. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta bin diddigi kafin aiki da labari. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa duk abin da ya zo musu na aminci ko na tsoro ba tare da mayar da shi ga masu iya tace shi ba. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai ga barin adalci. Mai wa'azin da ya ce allura tana hana haihuwa ya yi shaida ne a kan abin da ba fanninsa ba, kuma idan wani ya mutu saboda maganarsa, yana da kaso a cikin alhakin. Miliyoyin matan da aka yi wa allurar sun ci gaba da haihuwa, shekara biyun da aka ɗiba ta wuce, amma da wuya a ji wanda ya hau mumbari ya janye abin da ya faɗa.

Akwai tsoron da ya cancanci a bambanta shi da jita-jita. A tsakiyar Maris 2021, makon da kason COVAX ya iso ɗauke da AstraZeneca, Jamus da Faransa da Italiya suka dakatar da ita na ɗan lokaci saboda daskarewar jini da aka gani a wasu mutane ƙalilan. Wanda ya dakata a wannan mako yana da dalili na hankali. Amsar da ta dace da shi ita ce a auna masa haɗarin allurar da haɗarin cutar gwargwadon shekarunsa da lafiyarsa, wanda shi ne ainihin ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu.

5.0 Fatawoyi: Abin da Suka Amsa da Abin da Suka Bari

Ta fuskar halacci malamai ba su yi jinkiri ba. Tun 1992 Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a ƙudurinta mai lamba 67, ta tabbatar da cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko idan cutar mai yaɗuwa ce zuwa ga wasu. Shaihu Abdul'aziz bn Baz ya halatta rigakafi kafin aukuwar cuta, yana kafa hujja da hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe. A Disamba 2020 Majalisar Fatawa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙarƙashin Shaihu Abdullahi bn Bayya, ta halatta allurar korona ko da an sami sinadarin alade a cikinta idan babu madadi. A Fabrairu 2021 Majalisar Fiƙihu ta yi taro kan allurar, ta halatta ta, ta kuma ce tana wajaba idan shugaba ya wajabta. Mas'alar azumi ma an riga an warware ta, domin allurar da ba ta abinci ba ba ta karya shi a wurin jumhurun malaman zamani.

Waɗannan fatawoyi ingantattu ne a fagensu. Abin tarke shi ne sun amsa tambayar sinadari da ta ɗa'a ga shugaba, alhali tambayar mutumin Nablus ko Khan Yunis ta wuce nan. Yana tambaya ne ko wa'adin wannan kwalba bai ƙare ba, ko an ajiye ta cikin sanyin da ake buƙata a yankin da wutar lantarki ke zuwa na sa'o'i, da kuma dalilin da ya sa ɗan ƙwallo ya riga mahaifiyarsa.

Hujjar ɗa'a ga shugaba tana da rauni na musamman a nan. Wane ne shugaban? Hukumar Ramallah wadda ba ta sake zaɓen shugaban ƙasa ba tun 2005, ko Hamas da ta karɓe Gaza a 2007, ko mai mamaya da ke riƙe da mashigai? Fuƙaha'u sun ƙulla tasarrufin shugaba a kan talakawa da maslaha, kamar yadda Suyuɗi ya kawo ƙa'idar a littafinsa Al-Ashbahu wan Naza'ir. Ƙa'idar tana da fuska biyu: tana ba shi ikon tilastawa, tana kuma ɗaure shi da sharaɗi. Fatawar da ta karanta wa talaka fuska ta farko ta yi shiru a kan ta biyu, ta bar rabin ƙa'idar. Shekarar Amwas ita ce shekarar yunwar Ramada, wadda a cikinta Umar (RA) ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, har launin jikinsa ya sauya. Da irin wannan ne umurnin shugaba ke samun shiga zukata. Jami'in da ya sha gaban layi a Maris ya raunana umurnin da zai bayar a Agusta da hannunsa.

Haka nan karɓar da aka samu ta hanyar tilas tana buƙatar a karanta ta da hankali. Leburan da abincin iyalinsa ya rataya a kan takardar izinin tsallaka shinge, da ma'aikacin da aka yi wa barazana da albashinsa, sun miƙa hannu, kuma an lissafa su cikin masu yarda. Tilastawa don kare rayukan jama'a tana iya halatta, amma lissafin da ta haifar ba ma'aunin amana ba ne, kuma idan annoba ta gaba ta zo za a tarar da zukatan a inda aka bar su.

Da fatawa ta cika, da ta haɗa hukunce-hukunce huɗu a wuri ɗaya: halaccin allurar da wajabcinta ga wanda barinta zai cutar da shi ko waninsa, haramcin yaɗa labarin da ba a tantance ba, wajabcin fifita mafi rauni a rabo da haramcin cin amanar kason jama'a, da wajabcin bayyana wa mutane gaskiyar illolin da aka sani komai ƙanƙantarsu. Biyun farko suna kan talakawa, biyun ƙarshe suna kan masu iko, kuma jin na ƙarshen daga bakin malami shi ke sa a gaskata shi a kan na farkon.

6.0 Inda Lamarin Ya Taɓa Ƙasar Hausa

Mai karatu a wannan yanki ba baƙo ba ne ga wannan sarƙaƙiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin yana hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. An dawo da shi a Yuli 2004 bayan gwaje-gwaje da samo allura daga Indonesiya, daga baya kuma sarakuna da malamai suka shiga gaba, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a Agusta 2020. Ko allura mai gajeren wa'adi an gani: a Disamba 2021 Nijeriya ta lalata fiye da miliyan 1 na AstraZeneca da aka ba ta kyauta dab da lalacewarsu. A Kano kamar a Gaza, raunin da aka yi wa amana gaskiya ne, labarin hana haihuwa bai tabbata ba, kuma yara da raunana ne suka biya farashin.

7.0 Kammalawa

An ga cewa fassarar da ke ɗora laifi a kan addini ta faɗi a gaban ta'arifinta, da hanyar bincikenta, da layukan iyayen Gaza a Satumba 2024, da abin da sahabbai suka yi a Amwas. Fassarar da ke yabon ƙin allura ita ma ta faɗi, domin ta juya zaluncin da aka yi, ta kuma keta ƙa'idar tantance labari. Abin da ya fi bayyana halayyar Falasɗinawa shi ne samuwar allurar, da hannun da ya kawo ta, da yadda aka raba ta, tare da jita-jitar da ta sami ƙofa a buɗe.

Wannan yana ɗora wa sassan nazarin addinin Musulunci aiki guda biyu. Na ɗaya, a karantar da fiƙihun annoba haɗe da siyasar Shari'a, yadda ɗalibi zai san haƙƙin talaka a kan shugaba kamar yadda ya san haƙƙin shugaba a kan talaka. Na biyu, a horar da masu wa'azi kan iyakar fanninsu, su san lokacin da ya wajaba su mayar da tambaya ga likita amintacce, su kuma saba da janye magana a bainar jama'a idan kuskurenta ya bayyana. Allah Shi ne Mafi sani.